Yammar da Na Nuna Makwancin Jan Baki

Jikata ta dawo daga Gashua ran nan ta miƙo mini wata baƙar leda, ta ce tsarabata ce. Na buɗe na ga tsuntsun jan baki ne soyayye, an barbaɗa masa yaji. Na sa mata albarka, don yarinyar ta san abin da nake so, amma da na jefa ɗaya a baki sai na ji man gyaɗa ne zalla da ɗanɗanon dunƙulen nan da suke sakawa a kowace tukunya yanzu. Haƙoran da zan tauna ƙashin ma babu, tsotsa na yi ta yi. Ita kuwa ta zauna a gefen tabarma tana latsa waya tana karanto mini abubuwan mamaki. Wai abinci in an hau da shi jirgin sama gishirinsa raguwa yake yi a baki. Wai ƙwallon mutanen da, mafitsarar dabba ake hurawa a buga. Wai jirgin da ya fara tashi a duniya ko minti guda bai yi a sama ba ya sauko. Sai ta ɗago ta ce, “Kaka, kai da ba ka je Makka ba, ai ba ka san yadda cikin jirgi yake ba ko?” Na ce mata na sani, na taɓa hawa sau ɗaya. Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce irin tamu. Ban ja zancen ba, na ce ta kai wa ƙannenta sauran tsuntsayen.

Ni ban tashi a hannun mahaifina ba, ya rasu ban yi wayo ba. Wan mahaifiyata ne ya ɗauke ni, kuma shi nake kira Kawu har ya bar duniya. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, saboda haka ni ne ɗan. Ƙauyenmu yana cikin fadama ta wajen Dagona, inda in damina ta yi nisa ruwa yake zagaye mu, sai da kwalekwale ko gora ake fita. Mutanen garin masunta ne da manoman shinkafa, Kawu shi kaɗai ne sana'arsa ta fita daban: kamun jan baki. Yaran yanzu sun san jan baki a leda, ba su san shi a sama ba. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso da yamma sai rana ta dushe, ka ji wani shuuu kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Da gero ya fara yin ƙwaya, duk wani mai gona daga Katuzu har Jajimaji barcin rana ya ƙare masa. Ana kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, a ja igiyoyi a rataya gwangwanaye, mutum ya wuni a sama yana jijjigawa yana ihu yana wurga majajjawa har muryarsa ta dushe. Wannan kacau-kacau na gwangwani da ihun da wata gona ke amsa wa wata, shi ne sautin kaka a kunnena har gobe. Yanzu in na je ƙauye ba na jin sa sosai, sai ƙarar injin ban ruwa da ta babura.

Abin da manomi yake kuka da shi, shi muke ci a gidanmu. Kawu ya kamo, Inna matarsa ta soya. Da sassafe za ka ga mata sun kewaye tabarma suna figa, gashi yana tashi yana manne wa kowa a ka, ana hira ana dariya. Inna ba ta yarda kowa ya taɓa mata kasko. Kuma ko ɗigon mai ba ta zubawa, cewa take tsuntsun da ya ƙoshi da geron mutane ai da mansa yake tafe, wanda ya ƙara masa mai bai iya ba ne. Gishiri kaɗan, wuta a hankali, ta yi ta juyawa har ya yi ja, sannan a shanya a kan asabari ya sha iska. In ka ɗauki ɗaya ka tauna, da kai da ƙashi duka, ƙurus yake yi. Wanda ya rage a kasko kuwa shi take sakawa a miyar kuka a zuba kan burabusko, wallahi in na tuna har yanzu yawuna tsinkewa yake. Mata daga Gashua suke zuwa da kwanduna su ɗauka, wani har jirgin ƙasa yake shiga daga Nguru ya yi kudu. Ko'ina aka kai shi da sunan Inna ake tallansa.

Sirrin sana'ar ba a raga yake ba, kowa yana iya saƙa raga. Sirrin shi ne makwanci, wato inda tsuntsayen suke taruwa su kwana. Da rana a warwatse suke, da yamma su bi hanyoyi daban-daban ƙasa-ƙasa su shige cikin fadama, kuma fadamar nan ba ta da iyaka a ido. Namu makwancin kakan Kawu ne ya gano shi, duk shekara nan suke dawowa. Sai da gemu ya fara tsiro mini sannan Kawu ya kai ni. Muka bi ruwa a kan gora, muka bi ƙafa cikin taɓo, muka sake shiga ruwa, har muka isa wata giginya da aradu ta fille wa kai, tana tsaye ita kaɗai. Bayanta akwai wani lungu na ciyayi masu tsawo, ruwa ya kewaye shi. Muka zauna shiru har suka fara zuwa. Ban taɓa ganin halitta mai yawa haka ba, ciyawa tana lanƙwashewa don nauyinsu. Kawu ya matso da bakinsa kusa da kunnena, don hayaniya ba ta bari a ji magana, ya ce, “Ka ga wurin nan? Ubana ya nuna mini, ni ma na nuna maka. Daga gefe muke ɗiba, ba ma shiga tsakiya. Kuma ba a faɗa wa kowa, ko matarka.” Na ce to. A hanyar komawa ya ƙara mini bayani. Ya ce malaman gona sun zo masa sau biyu suna so ya nuna musu a yi feshi, ya ce musu shi bai san wani makwanci ba. Ya ce, “Na san manoma suna shan wuya, ƙanena ma manomi ne. Amma maganin nan ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe, kuma a ruwa zai sauka, ruwan da muke sha.”

Ƙuruciya ba ta bar ni na zauna ba. Na ji labarin Nguru, na nace sai na je, Kawu ya bar ni a kan in riƙa dawowa da kaka ina taya shi. Nguru ta lokacin, ai sai wanda ya gani. Nan jirgin ƙasa yake ƙarewa, ya huta ya juya. Buhunan gyaɗa, ƙirgi, ƙaro, bandar kifi, shanu suna jiran wagunu, raƙuma sun durƙusa a gefe. Ka ji Barbarci a nan, Fulatanci a can, Larabcin Shuwa, Yarbanci, duk kuma a haɗu a Hausa. Na samu dako a tasha, ina loda buhu tun safe har la'asar. In aka tashi kuwa sai ƙwallo. A ƙauye langa muka sani da kokawa da ninƙaya, a Nguru na fara ganin ƙwallon fata, mai bilada a ciki da igiyar ɗaure baki, wadda in ka sa mata kai ta wajen ɗinkin sai ka kwana biyu da shaida a goshi. Ba takalmi, ba riga iri ɗaya, ɓangare guda su tuɓe a gane su. Da suka ga hannuna ya saba cafke abu mai tashi sai suka ajiye ni a gola, suna kirana Ɗan Bade, da sunan ƙabilarmu. Yanzu ina ganin samari sun cika rumfar kallo sun biya kuɗi suna ta musu a kan ƙwallon da ake bugawa a wata duniya, har su ɓata da juna. Mu namu ƙwallon da jikinmu muke jin sa, ƙaya a tafin ƙafa da ƙasa a baki.

Filin da ya fi kowane daɗin wasa shi ne filin jirgi da ke bayan gari, don shi ne shimfiɗaɗɗe, ba kututture ba rami. Jirgi kuwa sai a yi wata da watanni bai zo ba. Mai gadin filin ya bar mu a kan sharaɗi ɗaya: kada mu kafa abin da ba ya ciruwa. Sai muka binne gwangwanayen kananzir a ƙasa, muna zura sandunan gola a ciki, in an tashi a zare. Kuma kowa ya san ƙa'ida, in jirgi zai sauka yakan zagayo sau biyu ƙasa-ƙasa don a kori shanu da mutane. Da an ji shi, aikin masu tsaron gola ne su tumɓuke sanduna su yi gefe da gudu.

Wata kaka, ban riga na tafi gida ba, 'yan Gashua suka zo mana wasa a bayan akori-kura, da makaɗansu da kirarinsu. Tsakanin Nguru da Gashua a ƙwallo ba sai na faɗa ba, abin ya wuce wasa. Muna gaba da ci ɗaya, rana ta yi sanyi, rafali ya hura usur ya ba su fenariti. Mai bugawar ɗan unguwar ƙanwar Inna ne, ya san ni na san shi. Ya ajiye ƙwallo yana ce mini da yaren Bade, “Yau sai na aika wa Kawunka labari.” Ya ja da baya ke nan muka ji ƙugi. Jirage biyu ne, ƙarami a gaba, mai ƙaton ciki a baya. Ni kuwa ban jira zagaye na biyu ba, na rungumi sandunana na yi daji. Wasa ya watse a haka. Har yau in na haɗu da tsofaffin Gashua a wurin jana'iza, bayan an shafa fatiha sai wani ya matso ya ce mini har yanzu suna jiran in mayar da sandunan nan su buga. Mun ragu ƙwarai, masu wannan tsokanar ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, kuma ina kewar waɗanda suka tafi.

Jiragen na feshin jan baki ne. Shekarar tsuntsu ya yi ɓarna ƙwarai, kuka ya kai sama. Aka jibge durom-durom na magani a gefen fili aka hana mu wasa, amma ba a hana mu kallo ba. Ni dai da an tashi daga tasha can nake nufa. In tsaya ina kallon matuƙin ƙaramin, wani Bature da muka sa wa Mai Jan Wuya, yana zagaya jirginsa yana shafa fiffike yana leƙa farfela. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so shiga jirgin nan ba, ko auren fari ban yi ɗokinsa haka ba. Kwana huɗu suna tashi da la'asar su dawo da almuru, fuska ba walwala. Sun ga tsuntsu ko'ina, amma ba su ga inda yake kwana ba.

Ran na biyar malamin gonan da ke yi musu tafinta ya taho inda nake tsaye. Wani siriri ne mai farin tabarau, Bakano, mai daɗin baki. Ashe wani cikin 'yan ƙwallonmu ya gaya masa ko ni ɗan gidan wane ne.

Ya ce, “Samari, an ce a gidan masu kamun jan baki ka tashi.”

Na ce, “Haka ne, Malam.”

“To ka san makwancinsu.”

Na ce ban sani ba, ni dako nake yi. Ya yi murmushi, bai musa mini ba. Ya ba ni labarin wata tsohuwa a Katuzu da ya tarar zaune a gonarta tana riƙe da zangarniyar gero ba ƙwaya ko ɗaya, ya ce akwai irinta ba iyaka, in aka ƙara mako guda ba abin da za a kai rumbu. Gaskiya ya faɗa, na san haka. Amma ina jin sa ina kallon jirgi, shi kuma yana kallona. Sai ya sauke murya ya ce, “Ba sai ka faɗa da baki ba. Akwai kujera kusa da matuƙi. Ka shiga, ka nuna da hannu kawai. In an gama da sauran haske, zan sa ya zagaya da kai ta kan Gashua ka ga kasuwa daga sama.”

Shekaru da yawa in ina ba kaina labarin nan, tsohuwar Katuzu nake sawa a gaba. Yanzu na tsufa da yi wa kaina ƙarya. Kujerar ce.

Washegari bayan la'asar Mai Jan Wuya ya ɗaure ni da bel kamar buhu, malamin gona ya zauna a baya. 'Yan ƙwallonmu sun yi layi suna ɗaga mini hannu. Farfela ta juya, ƙara ta cika mini kai, jirgi ya yi ta gudu yana tsalle a kan filin da na san kowane tudunsa da gwiwata, sai kawai na ji tsallen ya daina. Cikina ya zauna a ƙasa ni na yi sama. Na yi salati na runtse ido, da na buɗe sai ga Nguru duka a ƙarƙashina, layin dogo siriri, dalar buhuna kamar an tara tsakuwa, kududdufai suna walƙiya. Tafiyar da akori-kura take wuni tana yi tana kafewa a yashi da taɓo, mu ko goro ɗaya ban gama taunawa ba muka shiga fadama. Ya Allah, kyau. Ruwa ya bazu kore da fari, shinkafa tana kwanciya da iska, tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, suna tashi a ƙarƙashinmu, mu ne a samansu. Na juya in nuna wa malamin gona, na tarar ya cusa kai cikin hularsa yana amai, ko taga ba ya iya kallo.

Da farko ɓata na yi, don hanyar da ka sani da ƙafa ba ita ba ce daga sama. Matuƙi ya dube ni ya buɗe hannu, alamar ina. Na yi ta raba ido har na gane lanƙwasar kogi, na gane tsamiyar ƙauyenmu, na ma ga hayaƙin da nake jin na gidanmu ne. Daga nan na miƙa hannu, ya karkata. Can sai ga giginyar nan marar kai. Jirgin ya yi ƙasa ya kwanta ta ɓangarena yana zagaye lungun, tsuntsayen farko sun fara shigowa kamar hayaƙi.

Sai na ga mutum. Yana tsaye cikin ruwa iya cinya a gefen ciyayi, sandunan raga a kafe kusa da shi. Na manta sam cewa lokacin kafa raga ne. Ya ɗaga kai yana bin mu da kallo, sai ya tuɓe rigarsa ya kama ta da hannu biyu yana kaɗawa sama, yana kaɗawa, yana tafiya cikin ruwan yana tuntuɓe yana bin inda muka yi. Farar rigar Kawu ce mai shuɗin faci a kafaɗa, Inna ce ta yi facin ina zaune. Ba wai na yi tsammani ba ne, na gane shi sarai. Matuƙi yana ɗaya ɓangaren, idonsa a kan taswirar da ke cinyarsa, malamin gona kansa a hula. Ni kaɗai na gani. Bature ya taɓa ni ya nuna ƙasa da fensir, yana tambaya ko nan ne. Na dubi rana, ta kusa taɓa ƙasa. Na san in na tsaya bayani, a ta da malamin gona ya fassara, a yi ta ja, haske zai tafi, Gashua ta wuce ni. Na gyaɗa kai. Ya yi alama a takarda, ya miƙe jirgi. Ban sani ba ko da na yi magana za su fasa, mai yiwuwa ba za su fasa ba. Amma ban yi ba. Na ga Gashua daga sama kuwa, na ga kasuwa da gada da masallaci, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin.

Kashegari da almuru babban jirgin ya je ya yi aikinsa. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, Inna ce ta ba ni labari bayan shekaru. Ta ce da gari ya waye ruwan lungun ba a ganin sa don gawar tsuntsu. Ba jan baki kaɗai ba, har balbela da zalɓe da agwagin ruwa, ga karfasa ta juya ciki sama. Mutane suka fito da kwanduna suna murna za su kwashi nama a banza. Kawu ya je ya ɗauko Bulama mai gari, suka tsaya a bakin ruwa suka hana, har Kawu ya ɗaga wa wata mata sanda, abin da bai taɓa yi ba. Kwana uku yana haƙa rami a tudu yana binnewa, hannunsa duk ya saɓule. Labari ya bazu cewa tsuntsun wajenmu mai guba ne, matan Gashua suka daina zuwa, Inna ta kife kaskonta. Tsuntsayen da suka tsira suka sauya wuri, ba su ƙara kwana a lungun ba har Kawu ya rasu. Su kuwa manoma sun samu gero a shekarar, wannan ma gaskiya ne, na ji da kunnena ana sa wa wanda ya nuna wurin albarka a kasuwar Jajimaji.

A Nguru na zama abin nuni, Ɗan Bade da ya hau jirgi. Direbobi suka kai labarin Gashua, daga can ya shiga kwalekwale ya riga ni isa gida. Na yi ta jan ƙafa har aka gama girbi, sannan na ɗaure fuska na tafi. Na isa da hantsi. Inna ta amsa sallamata ba ta dube ni ba, ta ajiye mini ruwa ta shige ɗaki. Kawu yana ƙarƙashin rumfa yana tufkar igiyar kaba, sana'ar da a da yake cewa ta tsofaffi ce. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi aiki, ya tambayi masu gidana. Ya sa aka kawo mini burabusko da miyar kuka, lami, ba komai a ciki. Na ci ina jiran faɗa. Na ma shirya abin da zan ce, tsohuwar Katuzu tana kan harshena.

Sai ya ce, “An ce ka hau.”

Na ce, “Na hau, Kawu.”

“Akwai sanyi a can?”

“Akwai kaɗan.”

“Kogin fa, yaya yake daga sama?”

Na ce kamar an yar da igiya a ƙasa. Ya jinjina kai, ya ci gaba da tufka. Ya tambaye ni ko an fi tsuntsaye nisa, na ce an fi su. Ya ce ikon Allah. Sannan ya ajiye igiyar ya dube ni.

“Nuna wurin da ka yi, na sa shi a ƙuruciya. An ruɗe ka da abin da ko ni aka ruɗa da shi ina kamarka, ban san me zan yi ba. Wannan ya wuce. Abu ɗaya nake so in ji. Ran nan ina wurin. Da na ga jirgin ya yi ƙasa yana zagaye giginya, na san mutum ɗaya ne zai kawo shi nan. Na cire rigata na yi ta kaɗawa. Na ce in ɗana ne a ciki, da ya gan ni zai ce su juya.” Ya kafe ni da ido. “Ka gan ni?”

Na ji motsin Inna ya tsaya a bayan asabari. Na dubi hannunsa, fatar ba ta gama warkewa ba.

Na ce, “Ban gan ka ba, Kawu. Daga sama ba a ganin mutum.”

Ya sauke numfashi, ya shafa fuska da hannu biyu ya ce, “Alhamdulillahi.” Sai ya ɗaga murya wajen ɗaki, “Kin ji ko? Na gaya miki. Ba a ganin mutum.” Ya jawo kwanon ya tura mini, ya ce in ƙara, na rame a birni.

Daga ranar bai sake ta da zancen da ni ba. Amma da mutane yakan tayar. Duk wanda ya yi masa gugar zana a kan ɗan da ya raina, sai ya ce, “Yaron bai gan ni ba. Daga sama ba a ganin mutum, shi ya faɗa mini, shi ne kuwa ya hau.” Yana faɗa har da ɗan alfahari, don duk fadamar ba wanda ɗansa ya taɓa hawa jirgi sai shi. Ya yi mini aure, ya raɗa wa ɗana na fari suna, ya rasu a hannuna yana sa mini albarka. Sau da yawa na buɗe baki in gyara maganar, sai in ga yadda ya jingina da ita, in rufe. Ban sani ba ko tausayinsa ne ya hana ni ko tsoron idonsa, na fi zaton duka biyun.

Bara na je ƙauyen ɗaurin aure. Giginyar ta faɗi tuntuni, ciyawar kachalla ta cinye lungun da hanyar ruwan duka, ba mai iya shiga. Muna zaune bayan azahar wani jirgi ya wuce can ƙololuwa, ya ja farin layi. Yara suka fito suna ɗaga masa hannu. Wani magidanci da ke kusa da ni, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru, kuma bai san ko ni wane ne ba, ya daka musu tsawa ya ce su daina wahalar da kansu. Ya juyo gare ni yana murmushi, irin na mai sanar da baƙo wani ilimi, ya ce, “Baba, ai daga sama ba a ganin mutum. Mu nan garin tun kakanninmu mun san haka, wani ɗan garin nan ne ya hau ya dawo ya faɗa.”

Na dube shi, na dubi yaran da suka sauke hannuwansu. Na ce, “Ƙyale su su ɗaga, ɗana. Ana gani.”